Sabis a cike amma kira bai shiga ba: me ke faruwa a 4G da 5G?

Waya tana ajiye a gabanka, sandunan sabis a cike, alamar 4G ko 5G na saman fuskarta, bidiyo yana tafiya sumul. Da yamma wani ya tare ka da ƙorafi: "Tun safe nake neman ka, ana ce min wayarka a kashe take." Ka rantse ba ka kashe ta ba, shi kuma ya buɗe tasa ya nuna maka sau huɗun da ya kira. Ku biyun gaskiya kuka faɗa. Irin wannan ya sha jawo zargi tsakanin mutanen da suka yarda da juna, ya sa wani ya rasa aikin da aka neme shi dominsa, kuma abin da ya fi tayar min da hankali, yakan faɗo daidai lokacin da kiran na gaggawa ne. Shi ya sa na ga ya dace a zauna a warware zaren tun daga bakinsa.

Mun ɗauki sandunan nan tamkar su ne shaidar komai, alhali tambaya ɗaya tak suke amsawa: da wane ƙarfi muryar turken sadarwa take isowa kunnen wayarka? Ba ruwansu da ko turken yana jin wayar, ba ruwansu da yawan mutanen da kuke rububinsa tare, kuma ba su san ta wace hanya kira zai bi ya same ka ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ta sauya gaba ɗaya da zuwan 4G, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Abin da sanduna ke aunawa

Babu wata ƙa'ida ta duniya da ta ce ƙarfi kaza shi ne sanda uku. Kowane kamfanin ƙera waya da nasa lissafin. Ka ajiye wayoyi biyu na kamfanoni daban a kan tebur ɗaya, da layi iri ɗaya, sai ɗaya ta nuna huɗu ɗaya ta nuna biyu. An ga wannan ƙarara a 2010, lokacin da masu iPhone 4 suka lura sandunansu na zubewa da zarar tafin hannu ya rufe gefen hagu na ƙasan wayar, inda bakin eriyoyi biyu suka haɗu. A watan Yulin shekarar kamfanin Apple ya fito ya ce lissafin da yake zana sandunan da shi kuskure ne, yakan nuna huɗu a inda biyu ta kamata, sannan ya gyara ta hanyar sabunta manhaja. Matsalar eriyar ba ta tafi ba, sai da ya raba wa mutane rigar waya kyauta. Amma an gane cewa sanda zane ce da manhaja ke yi, ana iya ƙara ta ana iya rage ta ba tare da komai ya canza a iska ba.

Ma'aunin gaskiya lamba ce da ake rubutawa da dBm, kuma kullum da alamar ragi a gabanta: -80, -95, -110. Duk lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi, wato -80 ta fi -110. Sai dai tazarar ba irin ta ƙidayar yau da kullum ba ce. Duk ragin 3 yana nufin ƙarfin ya rabu biyu, duk ragin 10 yana nufin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Don haka -80 ta ninka -110 sau 1,000. Sifili a wannan ma'auni miliwat ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, -100 kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na wannan miliwat ɗin. Da wannan ɗan mitsitsin ƙarfi waya take kawo maka murya da hoto, kuma duk sanda na tuna haka sai in ƙara girmama aikin da aka zuba a cikinta.

A 4G da 5G sunan ma'aunin RSRP. A taƙaice, daga -80 zuwa sama ka samu wuri mai kyau ƙwarai, wajen -90 zuwa -100 babu laifi, -110 an fara jan ƙafa, daga -120 kuwa kana bakin gaɓa. Masu Android za su iya ganin lambar a cikin saiti, wajen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin sim. Masu iPhone kuma su danna *3001#12345#* kamar za su yi kira. Amma a kula, kada a kwatanta lambar 4G da ta 2G kai tsaye. A 2G ana auna ƙarfin tashar gaba ɗaya. A 4G ana auna siririn zare ɗaya ne mai faɗin kilohaz 15, alhali tasha mai faɗin megahaz 10 tana ɗauke da irinsa 600. Shi ya sa lambar 4G kan fito ƙasa da ta 2G da kusan 20 ko fiye a wuri guda, ba don sabis ɗin ya fi rauni ba.

Abubuwa uku da ba sa fitowa a fuskar waya

Na farko tsabtar sigina. Ka ɗauka kana cikin babban ɗaki wani yana maka magana daga nesa kaɗan. In ɗakin shiru ne, ko raɗa yake yi za ka ji. In mutum goma na ihu a gefenka, ko ya ɗaga murya ba za ka tsinci komai ba. Injiniyoyi na auna wannan da SINR, wato ratar da ke tsakanin muryar da kake so da hayaniyar da ta kewaye ta. Sama da 20 lamari ya yi kyau, in kuwa ya sauko kusa da sifili to hayaniya ta kamo muryar. Hayaniyar nan galibi daga turakun kamfaninka take fitowa, domin a 4G da 5G turaku maƙwabta kan yi aiki a zango ɗaya. Wanda ke zaune a hawa na 15 na dogon bene yana hango turaku da yawa ba shamaki, duk suna iso masa da ƙarfi, sandunansa a cike, amma kiransa na sarƙewa. Wanda ke ƙasa, gine-gine sun kare masa sauran sun bar masa ɗaya, da sanda biyu yake magana raɗau.

Na biyu hanyar komawa. Kira magana ce ta ɓangare biyu, sanduna kuwa ɓangare ɗaya suke nunawa. Turke yana magana da wat 20 ko 40 ko fiye, daga kan tsayi, da eriyoyi masu tattara ƙarfi su fuskantar da shi gefe guda. Waya a 4G iyakarta miliwat 200, kashi ɗaya cikin biyar na wat, sai wasu da aka yarje wa 400 a wasu zanguna. Kamar mai lasifika ne a kan tudu, kai kuma kana amsa masa da muryarka tsura daga cikin kwari. Kunnen turke ya fi na waya kaifi, hakan na rage giɓin, amma ba ya cike shi. Daga nan ake samun hirar da kowa ya sani: "Ina jin ka sarai", ɗayan kuma yana ta "Halo? Halo? Ba na jin ka." Sau da yawa wanda ke ji sarai ɗin, muryar wayarsa ce ta kasa isa turke. Kuma da yake waya tana ɗaga murya iya ƙarfinta idan sabis ya yi rauni, a irin wuraren nan ne take ɗumi caji ya riƙa zuba.

Na uku cunkoso. Turken 4G yana raba lokaci da zango tsakanin masu amfani da shi duk bayan milisakan ɗaya. Siginar da waya ke aunawa ta zana sanduna tana fita da ƙarfi iri ɗaya ko mutum biyar ne a ƙarƙashin turken ko dubu biyar. A filin wasa da ya cika maƙil za ka ga sanduna a cike, saƙo ya ƙi tafiya.

Ta ina kira yake bi?

Tsarin GSM, wato 2G, ya fara aiki a Finland a 1991, 3G kuma a Japan a 2001. A cikin su biyun kira yana da titinsa na kansa. Da ka buga, za a keɓe maka hanya daga bakinka zuwa kunnen wanda ka kira, ba mai shiga cikinta har ka ajiye. Da 4G ta fara aiki a biranen Stockholm da Oslo a Disambar 2009, an gina ta ne domin data zalla. Na'urorinta na farko ma ba wayoyi ba ne, modem ne da ake sokawa a jikin kwamfuta. Wancan titi na kira babu shi a cikinta ko kaɗan. Dole aka nemi mafita, aka samo guda biyu.

Ta farko ita ce a mayar da waya baya duk lokacin da kira ya zo, abin da ake kira CSFB. Ga yadda take gudana. Waya ba ta kasa kunne ga turke a kowane lokaci, don da ta yi haka caji ba zai kai azahar ba. Gyangyaɗi take yi tana farkawa, a tsare-tsare da yawa duk bayan sakan 1.28, ta duba ko an ambaci sunanta. Idan kira ya zo, sai a yi cigiyarta ta kan 4G. Ta amsa. A ce mata ta sauka zuwa 3G ko 2G. Ta saki 4G, ta lalubi tashar da aka nuna mata, ta karanta bayananta, ta gabatar da kanta, sannan a miƙo mata kiran ta fara ƙara. Wannan saukar kan ƙara sakan ɗaya ko biyu ko fiye kafin kira ya shiga, kuma kowane mataki a cikinta wuri ne da za a iya tuntuɓe. In hayaniya ta hana wayar jin cigiyar sau 'yan kaɗan, tsarin zai haƙura. In ta ji, ta sauka, ta tarar 3G ko 2G na wurin ba su da ƙarfi ko sun cika, kiran ya mutu a hanya. Wayarka ta lallaɓa ta koma 4G kamar ba abin da ya faru, ko alamar kiran da aka rasa ba za ta nuna ba, domin bai kai ga yin ƙara ba. Wanda ya kira kuwa an saka masa muryar nan mai cewa ba a samu lambar ba ko tana kashe. Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan a mafi yawan lokuta: sandunan da ka gani na 4G ne, kiran kuwa a 3G ko 2G aka so ba ka shi.

Abin yana ƙara tsananta da tafiyar shekaru, domin kamfanoni suna yanko zangon da tsofaffin tsare-tsare ke amfani da shi suna ba 4G da 5G. Sabon bargo na faɗaɗa, tsohon da ake komawa ƙarƙashinsa yana ƙanƙancewa.

Mafita ta biyu ita ce a koya wa 4G ɗaukar murya da kanta. Wannan shi ne VoLTE, wanda ya fara aiki a Agustan 2012 a Koriya ta Kudu da kuma kamfanin MetroPCS a Amurka. Ana yayyanka murya ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na milisakan 20, wato 50 a sakan guda, a tura su kamar sauran data. Bambancin shi ne an ba su matsayi na musamman: ba sa bin sahu a bayan bidiyo da hotuna, kuma an ƙayyade kada jinkirinsu a wannan ɓangare na tafiyar ya wuce milisakan 100. Amfanin a bayyane yake. Kira na shiga da sauri tunda babu saukar bene, data ba ta tsayawa kana cikin magana, murya kuma ta fi fita tas. Tsohon kira yana ɗaukar sautin da ke tsakanin haz 300 da 3,400 ne kawai, shi ya sa ake wahalar bambance "s" da "f" idan ana karanto wa mutum suna. VoLTE yana ɗaukar daga 50 zuwa 7,000, sabuwar fasahar sarrafa murya mai suna EVS ma ta wuce haka. Sai dai ba za ka ji wannan tsabtar ba sai wanda ka kira shi ma yana kan irin hanyar, kuma mahaɗar kamfanonin biyu ta bar ta ta wuce.

To me ya sa ba kowa ke more wannan ba? Domin ganin 4G a fuskar waya bai isa ba. Akwai wani ɓangare na daban a cibiyar kamfani mai suna IMS, shi ke kula da kira, kuma dole waya ta yi rajista da shi bayan rajistar da ta yi ta data. Sai abu uku sun haɗu: kamfanin layi ya kunna VoLTE a turakunsa, ya buɗe shi a kan layinka, sannan manhajar wayarka tana ɗauke da saitin wannan kamfanin ko ta yarda ta yi aiki da shi. Na ukun nan ne ya fi cin mutane. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta fitar da ƙa'ida mai suna IR.92 domin kowa ya bi tsari ɗaya, amma a aikace an bar ƙofofin zaɓi da yawa, kamfanoni suka riƙa gwada wayoyi ɗaya bayan ɗaya suna amincewa da su. Wayar da aka ƙera domin wata ƙasa tana iya yin VoLTE lafiya a can, a kai ta wata ƙasar ta ƙi, alhali kayan cikinta ba abin da ya same su. A ganina wannan rashin adalci ne ga mai saye. An sayar masa da waya mai 4G a rubuce a kwali, ba wanda ya gaya masa cewa kira ba ya cikin alkawarin.

A nan ne kuma kiran WhatsApp da ire-irensa suka bambanta. Su ma murya ce a kan data, shi ya sa sukan shiga a wurin da kiran layi ya ƙi, tunda ba sa buƙatar sauka 3G. Amma ba su da wancan matsayi na musamman. In turke ya cika, sahu ɗaya suke bi da kowa, sai ka ji murya tana ja kamar roba.

Da 5G ta zo a Afrilun 2019, a Koriya ta Kudu da Amurka, labarin ya sake maimaita kansa. Yawancin 5G da aka fara shimfiɗawa a jingine take da 4G: 4G ce ke riƙe da waya tana ba ta umarni, 5G ƙarin titi ce ta data. A irin wannan tsari kira bai taɓa 5G sam, VoLTE ne ke ɗaukarsa, in babu shi kuma wayar ta gangaro har 3G ko 2G. A wayoyi da yawa ma sandunan da ke gefen alamar 5G ƙarfin 4G suke nunawa, alamar kuma tana iya fitowa don kawai turken ya sanar cewa yana da 5G, ko da wayar ba ta hau kanta ba a lokacin. Akwai 5G mai tsayuwa da ƙafarta, wadda kamfanin T-Mobile ya buɗe a faɗin Amurka a Agustan 2020, kuma tana da nata tsarin kira mai suna VoNR da ya fara aiki a can a 2022. Amma ko a irin wannan, wurare da dama har yanzu mayar da waya 4G ake yi idan kira ya zo. Ma'ana, duk ƙyallin 5G, ingancin kiranka a hannun VoLTE yake.

Zango da bango

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, kuma sun san kowanne da halinsa. Haka yake a waya. Akwai zangunan ƙasa, megahaz 700, 800 da 900. Akwai na tsakiya, 1,800, 2,100 da 2,600. Yawancin 5G a duniya tana wajen 3,500, sannan akwai ta can sama, daga gigahaz 24 zuwa gaba. Tsawon igiyar megahaz 900 kusan santimita 33 ne, ta 3,500 ba ta kai santimita 9 ba, ta gigahaz 28 kuwa kusan santimita ɗaya. Doguwar igiya tana tafiya nesa, tana lanƙwasawa ta bayan gini, tana ratsa bango da ɗan sauƙi, amma wurin da ake da shi a zangonta kaɗan ne, ba ta ɗaukar kaya da yawa. Gajeriya tana da fili mai faɗi da gudu, amma bangon kankare mai rodi, rufin ƙarfe, ganyen bishiya, gilashin zamani mai shafen ƙarfe na kare zafi, har jikin mutum, duk suna cin ta. Ta can saman nan, tafin hannu kaɗai na iya tare ta.

Injiniyoyi sun rage wannan rauni da eriyoyi masu bakuna har 64 da ke harba sigina kamar hasken tocila zuwa inda waya take. Dabarar ta taimaka ƙwarai wajen saukowa daga turke. Wajen komawa kuwa waya tana nan da 'yar muryarta. Don haka idan ka shiga ɗaki ka ga 5G ta koma 4G, wayarka ba ta lalace ba, ta zaɓi abin da zai fi riƙe ta ne. Kamfanin da ya shimfiɗa 4G ɗinsa a zangon 700 ko 800 zai fi bin ka cikin ɗaki fiye da wanda ya dogara da 2,600, kuma wayar da ba ta da wannan zangon na ƙasa a cikinta ba za ta ci moriyarsa ba ko da yana kewaye da ita.

Ranar da aka rufe tsohuwar hanya

Duk abin da na faɗa game da saukar bene yana aiki ne muddin akwai benen ƙasa. Ƙasashe sun fara rushe shi. Singapore ta kashe 2G a 2017. Manyan kamfanonin Jamus sun kashe 3G a 2021, na Amurka a 2022: AT&T a Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba. Birtaniya ta tsayar da 2033 a matsayin wa'adin ƙarshe na 2G da 3G baki ɗaya. A inda aka kashe 2G da 3G duka biyun, wayar 4G marar VoLTE tana buɗe intanet, sandunanta a cike, amma ba ta kira ba a kiranta.

Abin da ya faru a Ostareliya ya cancanci a tsaya a kansa. Gabanin kamfanonin Telstra da Optus su rufe 3G a ƙarshen Oktoban 2024, an gano akwai wayoyin da ke yin kiran yau da kullum ta VoLTE lafiya lau, amma da an buga lambar gaggawa ta ƙasar, 000, sai su nemi 3G. Mai irin wannan waya ba zai taɓa sanin yana da matsala ba sai ranar da gobara ta tashi ko wani ya yanke jiki ya faɗi. Hukumomi suka umarci kamfanoni su toshe irin waɗannan wayoyi daga tsarin gaba ɗaya. Mataki ne mai zafi, mutane da dama sun wayi gari da wayar da ba ta aiki, amma ya nuna girman abin da ke ɓoye a bayan sandunan nan. Duk ƙasar da ke shirin kashe tsohon tsari, wajibi ne ta fara tantance wayoyin da ke hannun jama'arta, ta gaya musu gaskiya da wuri.

Abin da ke hannun mai waya

Wasu matsalolin mu muke jawo su ba da sani ba. Akwai masu shiga ɓoyayyen saiti su kulle waya a kan 4G kaɗai domin data ta daina sauka. Data za ta zauna, amma in layin ba shi da VoLTE ka rufe ƙofar da kira ke shigowa ke nan. Akwai kuma wayoyi masu layi biyu. Mafi yawansu na'urar rediyo ɗaya layukan ke rabawa, duk biyun suna jiran kira, amma da ɗaya ya shiga magana ɗayan ya ɓace daga tsarin, mai neman ka a kansa zai ji ba a same ka ba.

Idan matsalar cikin gida ce kuma akwai Wi-Fi, a duba ko kamfanin layi yana ba da damar kira ta Wi-Fi. Kiran layi ne sosai, da lambarka, ta wancan IMS ɗin yake bi, sai dai intanet ɗin gidan ce ke kai shi maimakon turke. In babu, matsawa kusa da taga kan ƙara ƙarfi ninki da yawa, kuma lambar dBm za ta nuna maka wace kusurwa ce ta fi. Kunna yanayin jirgi na 'yan sakanni a kashe yana tilasta wa waya ta sake zaɓar turke ta sabunta rajista, shi ya sa yakan yi magani idan ta maƙale a turke mai nisa ko rajistar kiranta ta faɗi. 'Yan takardun da ake mannawa a bayan waya wai suna ƙara sabis ba sa ƙara komai. Na'urar ƙara sigina ta gaskiya tana aiki, amma abin da ta samu a waje shi take ƙarawa, har da hayaniyarsa, kuma marar inganci tana iya toshe kunnen turke ta ɓata wa maƙwabta duka. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa mata doka.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi kuwa, wanda nake so kowa ya yi, musamman kafin ya biya kuɗin sabuwar waya: saka layinka, kashe Wi-Fi, ka tabbata tana kan 4G ko 5G, sannan ka kira wani kana kallon saman fuskarta. In alamar ta koma 3G ko H (ita ma 3G ce) ko E (wato 2G), ko ta ɓace har ka ajiye, wayar tana saukar bene ne. In ta zauna a 4G, kuma ka iya buɗe shafin intanet da saurinsa kana cikin magana, VoLTE na aiki. Wasu wayoyin kan nuna VoLTE ko HD a sama, wasu ba sa nunawa. In gwajin ya nuna tana sauka, duba saitin layi ko akwai makunnin VoLTE a kashe, sabunta manhajar wayar, sannan ka tambayi kamfanin layinka abu biyu: an buɗe VoLTE a kan wannan layin, kuma wannan samfurin waya yana cikin waɗanda tsarinsu ya amince da su, har da kiran gaggawa?